Kwana uku a kufan Angkor: sharhi kan kamfanin da ya zagaya da mu

Ranar da na dawo Argungu hutu, bayan an gaisa an ci abinci, na miƙa wa kawuna waya domin ya ga hotunan tafiyar da na yi zuwa Kambodiya. Ya daɗe yana kallon wata hasumiya mai fuskar mutum a kowane gefe, sannan ya ɗago ya ce, "Kai ɗana, karatu anka tura ka, mi yak kai ka ɗakin gumaka?" Na ba shi amsar da ta sawwaƙa, cewa tarihi na je gani ba bauta ba, kuma malamanmu sun sha tuna mana cewa akwai wa'azi a kufan mutanen da suka shuɗe. Tambayar da ta fi yawa kuwa daga 'yan'uwana ɗalibai 'yan Kabi da ke Maleshiya ta fito, domin daga Kuala Lumpur zuwa Siem Reap, garin da ke kusa da kufan Angkor, tafiyar kimanin awa biyu ce a jirgi, kuma da yawansu suna son sanin ko kuɗin da ake biyan kamfanonin yawon buɗe ido a can yana biyan buƙata. Saboda su na zauna na rubuta wannan sharhi.

Mu biyu muka je a watan Disamba, ni da wani abokin karatuna mutumin Yawuri. Ta intanet muka yi ciniki da wani ƙaramin kamfani na cikin Siem Reap, wanda ba zan ambaci sunansa ba tunda akwai inda zan yi ƙorafi a kansa. Yarjejeniyar ita ce za su ba mu jagora mai lasisi wanda ke jin Turanci, da direban tuk-tuk, da ruwan sha, da karin kumallo a ranar farko, na tsawon kwana uku. Mun biya dala 40 a kowace rana domin jagora da dala 20 domin direba, sai ƙari kaɗan a ranar da muka yi nisa. Tuk-tuk ɗin Kambodiya ya bambanta da Keke Napep ɗinmu, domin babur ne irin na 'yan kabu-kabu aka ɗaura masa amalanke mai rufi da kujeru biyu masu fuskantar juna, ga iska ta ko'ina, ga kuma ƙura idan an bar kwalta.

Kuɗin shiga kufan ba ya cikin wannan lissafi, kuma kamfanin ya bayyana haka tun farko, abin da na yaba. Tikitin kwana ɗaya dala 37 ne, na kwana uku dala 62, na kwana bakwai dala 72, kuma an ɗauki hotonmu aka buga a jikin tikitinmu na kwana uku, saboda haka babu zancen ara wa aboki. Na kwana uku ba dole ne a yi amfani da shi a jere ba, ana iya rarraba shi cikin kwana goma. 'Yan ƙasa ba sa biya. Dalar Amurka tana yawo a kasuwa tare da kuɗinsu riel, wanda kimanin 4,000 ke daidai da dala ɗaya, amma takardar dala da ta ɗan yage ko ta yi dauɗa ba kowa ke karɓarta ba; abokina ya dawo da wata dala ashirin har Maleshiya saboda wata 'yar tsaga da ba ta kai tsawon farce ba.

Ranar farko ita ce mafi rauni. Kowane kamfani a Siem Reap da kallon fitowar rana a Angkor Wat, babban ginin ibadar da ke kufan, yake tallar kansa, namu ma haka, saboda haka ƙarfe huɗu da rabi na dare direba ya tsaya a ƙofar masauki. Mun yi sallar asuba a gefen wurin ajiye ababen hawa, muka bi jagora da hasken waya muka tsallaka ruwa, muka isa bakin wani ɗan tafki inda ake ganin inuwar hasumiyoyin a cikin ruwa. A nan muka tarar da jama'a kamar ranar da ake buɗe gasar kamun kifi a Matan Fada, kowa ya ɗaga waya sama, na baya yana ɗaukar hoton ƙeyar na gaba. Rana ta fito, hasumiyoyi biyar suka yi baƙi a gaban jan sama, abin yana da kyau ba shakka, sai dai tsayuwar fiye da awa ɗaya ana turereniya ta cinye daɗinsa. Da aka buɗe kwalin karin kumallo kuma sai ga burodi da naman alade a ciki, alhali sau biyu na rubuta wa kamfanin cewa mu Musulmi ne. Ayaba kaɗai muka ci. Jagoran ya ji kunya ƙwarai ya buga wa ofis waya, amma har muka bar ƙasar babu wanda ya kira daga ofishin ya ba da haƙuri.

Shi kansa ginin, duk abin da aka faɗa a kansa ba a ƙara gishiri ba. Sarki Suryavarman na Biyu, wanda ya hau mulki a 1113, shi ya gina shi a farkon rabin ƙarni na 12 domin abin bautar Hindu da ake kira Vishnu, daga baya ya koma hannun mabiya addinin Budda, kuma har yau suna ibada a ciki, shi ya sa ba a barin mai gajeren wando ko mai buɗaɗɗiyar kafaɗa ya hau sama. Hasumiyar tsakiya ta kai mita 65 daga ƙasa, kuma ita ce da 'yan'uwanta a jikin tutar Kambodiya. Bangayen dogayen zaurukan da suka kewaye shi cike suke da sassaƙa, har da wata mai tsawon kusan mita 50 inda runduna biyu ke jan wani ƙaton maciji kamar masu jan igiya. Matsalar ita ce a wannan safiya jagoran namu karatun hadda yake yi. Sunayen sarakuna da na ababen bauta yake jerowa ba numfashi, ya nuna mana inda za mu tsaya hoto ya fi kyau, ya duba agogo, mu wuce. Na lura duk jagororin da ke kusa da mu, kowa da harshen baƙinsa, kusan jimla ɗaya suke maimaitawa a wuri ɗaya.

Abin ya sauya ne bayan mun sauko daga bene na sama, muna hutawa a bakin gwalalon da ya kewaye ginin. Faɗinsa mita 190 ne, kuma ya zana murabba'i mai tsawon kilomita ɗaya da rabi da faɗin kilomita 1.3, cike da ruwa a tsakiyar rani. Abokina, wanda ya tashi a bakin Neja, ya tambayi jagoran daga ina wannan ruwa yake zuwa, kuma me ya hana shi ƙafewa. Sai mutumin ya ajiye jakarsa ya tsuguna, ya ɗauki tsinke ya fara zane a ƙasa. Ashe ɗan manomin shinkafa ne daga wani ƙauye kusa da tafkin Tonle Sap, kuma abin da ya fi sani a duniya ke nan, sai dai baƙi ba sa tambaya.

Ga abin da ya zana mana. A arewa akwai tsaunin Kulen, inda Jayavarman na Biyu ya ayyana kansa sarki a shekarar 802, wadda ake lissafa wa farkon daular Khmer, wato tsohuwar daular mutanen Kambodiya da ta gina Angkor. Daga nan ƙoramu suke gangarowa kudu zuwa Tonle Sap, kuma daga gindin tsaunin aka fasa duwatsun yashin da aka yi gine-ginen, aka jawo su tafiyar kimanin kilomita 40. Tsakanin tsauni da tafki fili ne shimfiɗaɗɗe wanda ruwa ke yi masa yawa rabin shekara ya kuma yi masa ƙaranci sauran rabin. Sarakunan Khmer sai suka karkatar da ƙoramun, suka haƙa magudanai, suka tayar da manyan tafkuna masu kusurwa huɗu da suke kira baray, waɗanda ba haƙa su aka yi ƙasa ba, bango aka ɗaga na ƙasa aka tare ruwa a ciki. Babban cikinsu, na yamma, tsawonsa kilomita 8 ne da faɗin fiye da kilomita 2, kuma har yau yana riƙe da ruwa. Shi kuma Tonle Sap yana da wata ɗabi'a ta ban mamaki: idan kogin Mekong ya cika da damina, kogin da ke fitar da ruwan tafkin sai ya juya ya riƙa gudu baya, tafkin ya ninka girmansa sau da yawa ya mamaye daji da gonaki, idan ruwa ya janye ya bar laka da kifi. Duk wanda ya san yadda fadamar Gulbin Kabi ke cika ta janye, ya san noman shinkafar da ke bin sawun ruwa daga Argungu zuwa Suru, ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani. Wannan shinkafa da wannan kifi su suka ciyar da birnin da masu bincike suka ƙiyasta mutanensa sun kai 700,000 zuwa 900,000 a ƙarni na 13.

Ya ƙara mana da wani abu da ban taɓa tunani ba, cewa gwalalon Angkor Wat ba ado da tsaro kawai ba ne. Ginin a kan yashi yake zaune, kuma yashi mai danshi yana ɗaukar nauyi, idan ya bushe ya sake jiƙa yana motsi. Ruwan gwalalon shi ke daidaita danshin ƙarƙashin ƙasa rani da damina. Shi ya sa masana ke nuna damuwa kan yawan rijiyoyin burtsatse da otal-otal ɗin Siem Reap ke zuƙar ruwa da su. Game da faɗuwar birnin kuwa, ya ce yaƙin da mutanen Ayutthaya na ƙasar Tailan ta yau suka kawo a 1431 shi ake yawan ambata, amma kafin nan an yi dogayen fari a ƙarni na 14 da na 15 waɗanda ambaliya mai ƙarfi ke biyo baya, magudanan suka cike da yashi wasu suka fashe, fada kuma ta koma kudu wajen Phnom Penh inda ciniki ta ruwa ya fi garawa. Wannan rabin awa da muka yi a tsugune ta fi mini duk safiyar amfani, kuma daga nan muka gaya masa cewa ba mu zo tara hotuna ba, ya rage yawan wuraren ya ƙara mana bayani. Ya yarda nan take, kuma a ganina wannan sauƙin kai shi ne babban abin yabo a hidimar gaba ɗaya.

Rana ta biyu muka shiga Angkor Thom, birnin da Jayavarman na Bakwai ya gina bayan mayaƙan Cham, mutanen wata daula maƙwabciya, sun ci Angkor da yaƙi a 1177, shi kuma ya kore su ya hau mulki a 1181. Ganuwarsa ta marmara ce, irin jar marmarar da muka sani a gida, tsayinta mita 8, kowane gefe kilomita 3, da ƙofofi biyar. A tsakiya Bayon yake, mai manyan fuskokin da suka ɗaure wa kawuna kai. Yawancin baƙi sama suke kallo wajen fuskokin, amma jagoran ya kai mu bangon waje na kudu ya ce mu kalli ƙasa. A saman bangon yaƙin jiragen ruwa ne tsakanin Khmer da Cham, mutane na faɗawa ruwa kada na cafke su. A layin ƙasa kuwa rayuwar talakawa ce: mata a kasuwa suna awo, maza sun yi da'ira suna haɗa zakaru faɗa ana caca, wata mace tana naƙuda ungozoma na riƙe da ita, wani yana gasa nama a tsinke kamar mai tsire. Kifayen da ke tsakanin jiragen an sassaƙa su dalla-dalla har ɓawon jikinsu, kuma abokina ya tsaya yana nuna su da yatsa yana kiran sunayen danginsu da Hausa, jagoran yana kiran nasu da harshen Khmer, suna dariya. Mun shafe fiye da awa ɗaya a wannan bango kaɗai.

Ta Prohm, ginin ibadar da Jayavarman na Bakwai ya keɓe wa mahaifiyarsa a 1186, shi ne wurin da aka bar itatuwa suka hau gini, wasu masu kama da rimi, wasu dangin ceɗiya, saiwoyinsu sun kwararo kan bango kamar narkakken kitse. Yana da ban sha'awa, amma layin masu jiran hoto a gaban saiwa ɗaya ya sa ba mu daɗe ba. A hanyar shiga akwai makaɗa zaune a tabarma, wasu babu ƙafa, waɗanda nakiyoyin da yaƙe-yaƙen ƙasar suka bari a ƙasa suka nakasa. Jagoran bai yi dogon magana kan mulkin Khmer Rouge, 'yan gurguzun da suka hallaka ɗimbin jama'ar ƙasar daga 1975 zuwa 1979, ba, mu ma ba mu matsa ba.

Dole in ware wa direban nasa yabo, domin shi ne gishirin tafiyar. Turancinsa bai wuce kalmomi ashirin ba, amma ko yaushe muka fito daga wani kango a galabaice za mu tarar ya juya keken zuwa inuwa, ya buɗe kula ya miƙo ruwa mai sanyi da ɗan tawul da ya jiƙa ya ajiye cikin ƙanƙara. Tun da ya ga abin da ya faru da karin kumallon ranar farko, ba tare da an sa shi ba ya ɗauki nauyin cikinmu. Da azahar ya mayar da mu gari, unguwar Musulmi, ya ajiye mu a ƙofar masallaci, ya nuna mana gidan abincin halal a kusa. Yawancin Musulmin Kambodiya 'yan ƙabilar Cham ne, wato dangin mutanen da muka gani ana yaƙa a bangon Bayon, waɗanda suka musulunta ƙarnoni bayan wancan yaƙi. A can muka ci amok, kifi da aka turara da madarar kwakwa a cikin ganyen ayaba, da shinkafa fara. Akwai kuma wani ruɓaɓɓen kifi da suke kira prahok, wanda yake musu aikin da daddawa ke yi mana a miya, kuma warinsa ba ya jin kunyar baƙo. Komawa gari cin abinci tana cin kusan awa biyu, amma tunda tsakar rana ce da zafi ke hana yawo, ba mu yi asara ba.

Rana ta uku muka nufi Banteay Srei, tafiyar fiye da kilomita 30 daga gari. Hanyar ta ratsa gonakin shinkafa da aka girbe, da dogayen itatuwa 'yan'uwan giginyarmu, kuma a bakin titi mata suna dafa ruwan da ake tatsa daga furensu a manyan kasake har ya daskare kamar mazarƙwaila. Ginin ƙarami ne, an keɓe shi a shekarar 967, kuma ba sarki ne ya gina shi ba, wani malamin fada ne mai suna Yajnavaraha. Dutsensa ja-ja ne mai karɓar sassaƙa, aikin ya yi zurfi da laushi har mutum ya zaci ƙwarya aka yi wa zane ba dutse ba. Wanda ke da kwana uku kada ya bar shi.

A hanyar dawowa ne kamfanin ya sake ɓata rawarsa da tsalle. Aka tsayar da mu a wani kantin sayar da siliki da gumakan tsaraba wanda ba ya cikin yarjejeniya, aka ce minti goma, muka yi kusan arba'in ana bin mu da kaya. Jagoran ya gaya mana a asirce cewa umarnin ofis ne, akwai la'ada da ake ba su kan kowane baƙo da ya shiga, ko ya saya ko bai saya ba. Ban ga laifin neman halak ba, amma lokacin da aka cinye namu ne, mun biya shi da dala. Don ya wanke laifin, ya roƙi direban ya bi da mu Baray ta Yamma da la'asar, wurin da ba ya cikin jadawalin kamfanin ko kaɗan. Babu baƙi a can sai 'yan gari suna wanka, yara suna iyo da tayar mota, mata suna gasa kifi da kaji. Na tsaya a kan bangon ƙasar na duba gabas ban ga ƙarshen ruwan ba, na tuna cewa da kwando da hannu aka ɗaga wannan bango a ƙarni na 11.

A wurin ne Surame ta faɗo mini a rai. Babban birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, wanda yau yake ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato, shi ma kufai ne mai ganuwar dutse, kuma yana cikin jerin wuraren da Najeriya ta miƙa wa UNESCO domin a duba tun 2007. Ba ina kwatanta girman biyun ba ne, domin filin Angkor da aka killace ya kai murabba'in kilomita 400, kuma yana cikin wuraren tarihi na duniya tun 1992, da hukuma ta musamman mai suna APSARA da ke kula da shi. Abin da ya dame ni shi ne ni Bakabe, na biya dala 62 na ga kufan wasu, alhali ban taɓa taka Surame ba, iyakata gidan tarihi na Kanta da ke cikin garinmu, shi ma tun muna firamare.

Hukuncina kan hidimar shi ne jagoran da direban sun ci kuɗinsu har da ƙari, ofishin kuwa bai yi wani abin da mutum ba zai iya yi da kansa ba. Da zan koma, direba zan ɗauka kai tsaye ta hannun masauki na kwana uku, in ɗauki jagora mai lasisi na kwana biyu kawai, ranar Angkor Wat da ranar Angkor Thom, domin a nan ne ido kaɗai ba ya wadatarwa. Zan bar fitowar rana ga masu sonta, in shiga Angkor Wat wajen ƙarfe takwas lokacin da taron asuba ya watse neman abinci. Zan kuma faɗa tun ranar farko, baki da baki ba a rubuce ba, cewa ba ma cin alade, muna buƙatar tsayawa sallah, kuma ba ma son kanti. Mai fasfo ɗin Najeriya ya kammala zancen biza tun kafin ya sayi tikitin jirgi, ya kuma sani cewa sabon filin jirgin Siem Reap da aka buɗe a 2023 yana da nisan fiye da kilomita 40 daga gari, saboda haka kuɗin mota daga can lissafi ne na daban. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu zafi ya fi sauƙi. Afrilunsu kuwa irin namu ne, ga kuma gumi. Mai ciwon gwiwa ya yi tunani kafin ya hau matakalar benen sama, domin a tsaye take kamar tsani.

Kawuna bai ce komai kan hasumiyoyin ba har ya kai hoton bangon Bayon. A nan ya matso da wayar kusa da idonsa, ya sa yatsu biyu ya buɗa hoton kamar yadda jikokinsa suka koya masa, ya daɗe yana duban kifayen da mutumin da ke jefa taru daga cikin jirgi. Sannan ya kira maƙwabcinsa, wani tsohon Basarke da ya shekara arba'in yana shiga ruwa da homa, ya ce ya zo ya gaya masa ko wannan na tsakiya giwan ruwa ne.